Wa Ya Shanye Ruwan Hajiya Gogo?

Hajiya Gogo ta Kurfi ce ta fara gano ha'incin. Tsohuwa ce mai fama da ƙwannafi, kuma tun da aka kawo mata ruwan gora na Sanyin Dutse ta ce ya karɓe ta, ba ta ƙara shan wani ruwa ba. Ranar sunan jikanyarta, gida cike da mata, ta sa aka farke sabon kwali aka raba wa baƙi, ita ma ta ɗauki gora ta kurɓa. Ba ta haɗiye ba. Ta jawo kwano ta tofar.

"Wannan ruwan rijiya ne," in ji ta. "Har warin guga nake ji."

Mata suka ce haba Hajiya, ga gora ga tambari. Ta ce tambarin za ta sha? Da aka duba sosai, sai ga zoben murfin a tsinke, an buɗe an mayar. Kafin la'asar duk mai shago a Kurfi ya zazzage kwalayensa, kuma kusan kowa ya tsinci irin waɗannan gorunan a cikin nasa.

Alhaji Nu'uman na Dutsin-Ma shi ne dilan ruwan a garuruwan biyu, mai kai kayan kuwa Munzali ne, a kurkura mai ƙafa uku, mallakar Alhajin. A daren nan gari ya yanke hukunci tun kafin a yi shari'a: direba ne, wa zai taɓa kaya in ba mai ɗauka ba? Alhaji ya karɓe makulli, ya ce in Juma'a ta wuce gaskiya ba ta fito ba, kurkura ta koma hannun wani, shi kuma Munzali ya yi bayani a ofishin 'yan sanda. Da kurkurar nan yake ci da matarsa da tsohuwarsa, kuma wanda aka kora da sunan ɓarawo a Dutsin-Ma, ko baro ba mai ba shi ya tura.

Tsohuwar tasa ce ta je wurin Lado.

Lado mai bin sawu ne. Daga Barkiya har Kuki, in aka kore wa mutum shanu ko aka kwance mashi jaki, shi ake kira. Ni kuma aikina goya shi a babur, don ya ce in yana tuƙi ba ya ganin ƙasa. Mun tsufa tare a kan haka.

"Inna, ni kofato na sani," ya ce mata. "Ruwa ba shi da kofato."

"Wanda ya ɗauke shi yana da ƙafa," in ji ta.

Lado ya dube ni. "Alu, tada babur."

Da safe muka iske Alhaji a ɗakin ajiyar kaya, fuska a murtuke, Munzali na tsugune a gefe. Ɗiyar Alhajin, Malama Hafiza, wadda ke koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, ita ma tana nan. Lado ya roƙe ta ta faɗa mashi abin da ya raba wannan ruwa da na rijiya, amma da Hausar da za ta shiga kansa.

Ta ce ruwan daga marmaro yake fitowa, can ƙasar duwatsu, kuma kafin ya ɓullo ya daɗe yana ratsa dutse yana lasar abin da ke cikinsa. Ta juya gora ta nuna rubutun bayanta. Akwai kalsiyam, dangin alli ke nan, shi jiki ke gina ƙashi da haƙori da shi. Akwai magnisiyam, ɗan uwansa. Akwai wani dangin kanwa, shi ya fi yawa, shi ne ma tsofaffi ke cewa yana kwantar masu da ƙwannafi. Sai ɗan gishiri kaɗan.

"Ruwan sha ne kawai, Baba Lado," ta ce. "In ka tafasa shi a buta zai bar fari a gindinta. In ka zuba a dutsen guga zai toshe shi. In ya bushe a ƙasa ma yana barin alama."

Lado ya kurɓi na gaskiyar, ya kurɓi na jabun, ya lumshe ido. "Wannan yana da nauyi a baki. Wancan kuwa rijiya ce mai kyau, ba laifi, mai ita yana yashe ta."

Sai ya kifa kwali ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su. Saman kwalin lafiya lau, salatif ɗin kamfani ba a taɓa ba. Ta gindi aka shiga, aka liƙe da wani abu mai ƙyalli, kiyashi na ta bin sa. Ya ɓanɓaro ya sa a baki.

"Ƙaro ne," ya ce. "Yaron zamani salatif zai saya. Mai liƙi da ƙaro ya ga jiya."

Ya juya ga Munzali. "Yaushe kake lodi?"

"Da yamma, Baba. In an yi asuba in kama hanyar Kurfi."

"To kurkurar ina take kwana da kayan?"

Munzali ya sunkuyar da kai, ya shiga tonon ƙasa da ɗan yatsa. Aka maimaita tambaya, shiru.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji. "Tun jiya haka yake mani. Mai gaskiya yana ɓoye wurin kwanan mota?"

Lado ya miƙe ya fita. Ya zagaya kurkurar, ya shafa tayoyi, ya tsinci wani abu a bayanta ya murje a tafin hannu. Dusa ce.

Majalisar bakin tasha kuwa tuni ta fitar da nata ɓarayin. Na farko Ubaidullahi mai cajin batir, don an ga tarin gorunan Sanyin Dutse a rumfarsa. Muka same shi hannu baƙi ƙirin, yana fama da batirin wata tifa.

"Ni?" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Baba Lado, in zuba wannan a batir? Ai gara in zuba mashi kunu. Batir tataccen ruwa yake so, wanda ba komai cikinsa. Wannan mai alli da kanwa, sati ba ya yi zai kashe shi, mai mota ya zo ya kashe ni. Gorunan tsinta nake, in zuba nawa ruwan. Ɗanɗana ka ji."

Lado ya ɗanɗana ya yatsina fuska. "Salam, kamar zancen Alu."

Ta biyu Larai mai zoɓo, a Kurfi. Duk gorar da aka yar a garin, a hannunta take ƙarewa. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta ɗaure zani ta yo kanmu.

"Wato ni ce ɓarauniyar? Ku zo nan, tsofaffin banza, ku ga wani abu."

Ta aika aka sawo gora ɗaya ta gaske, ta zuba zoɓo a kofi biyu, ta sirka ɗaya da ruwan randa, ɗaya da na gorar. Na randa ya tsaya ja wur. Ɗayan ya dushe, ya yi duhu-duhu kamar an jiƙa tsohon rawani.

"Na taɓa gwadawa don burga, na yi asarar tukunya guda," ta ce. "Wa zai sayi wannan? Kuma ni gora nake nema. In na sace, in mayar da gorar in riƙe ruwan? Kai Alu, ko kai ba ka yi wannan wautar."

Ta ba mu zoɓo mai sanyi kyauta, ta kore mu.

A hanyar komawa Lado ya ce in rage gudu, iska na kwashe mashi tunani. Can ya ce, "Matar nan ta faɗi magana. Mutumin nan ba gora yake so ba, ba kuma sayarwa yake ba, don da sayarwa yake da kwalin zai ɗauka gaba ɗaya. Ruwan yake so, kaɗan-kaɗan, kullum. Kuma yana cika gorar har wuya, bai taɓa barin ta rabi ba. A ganinsa ba sata yake ba."

"Mu tambayi maƙwabtan Munzali mana inda yake ajiye motar."

"In ka tambayi mutum ɗaya, labari ya riga ka isa. Ƙasa za mu tambaya, ita ba ta yawo da zance."

Gidan Munzali a cikin lungu yake, ko jaki da mangala ba ya shiga, balle kurkura. Muka koma inda kwalta ta ƙare a gefen unguwar, Lado ya sauka ya fara tafiyar nan tasa ta mai neman allura. Damina ba ta zauna ba tukuna, an dai yi yayyafi ƙasa ta kwanta. Tayar baya ta hagu ta kurkurar tana da faci, ya gani tun da safe, facin kuwa yana buga tambari a ƙasa duk juyi. Muka bi shi, ya ratsa bayan makarantar allo, ya wuce injin niƙa, ya tsaya gaban wani gida mai faffaɗan zaure da ƙofar langa-langa.

Lado bai ko kalli ƙofar ba. Ya bi jikin katanga ya zagaya baya.

"Zo ka ga kasuwa," ya ce.

Sawun awaki ne, rututu, daga gabas, daga yamma, daga ko'ina, duk sun nufi wuri guda: bakin rariyar da ruwa ke fita daga gidan. Gidajen da ke jere duk suna da rariya, ba akuyar da ta kula su. Wannan kuwa sun lashe ƙasar wurin har ta yi rami, gefen ramin ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Muna tsaye wata akuya ta zo ta ture ƙafata ta ci gaba da aikinta.

"Akuya ba ta lasar ƙasa don Allah," in ji Lado. "Kanwa take ji. Lasa ka tabbatar mani."

"Lasa da kanka. Ni direba ne."

Daga cikin gidan muka ji kukan rago, murya kamar ta babban mutum. Sai a lokacin na gane inda muke.

"Lado, ka san gidan wa ne? Malam Abdullatif. Uban Ummi, matar Munzali."

Lado ya zauna a kan dutse ya riƙe haɓa. Shirun yaron ya fito fili. Surukinsa ne. Mutumin da in sun haɗu a hanya Munzali ke tuɓe takalmi ya durƙusa, wanda bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba. A ce ya buɗe baki gaban jama'a ya ce kaya a zauren surukina suke kwana, a zo a bincika? Ya gwammace ɗaurin.

"In muka shiga muka tuhumi dattijo, zai yi fushi ya musa, aure ya girgiza," in ji Lado. "In muka matsa wa yaron, zai ce shi ya sata don a rufe zancen. Sai mu nemi shaidar da ba ta jin kunyar kowa."

Kowa a unguwar ya san Malam Abdullatif da ragonsa, Ɗan Gata, da yake kiwo don layya. Ba zai sayar ba ko da me, amma ka ce kana son ganinsa, ka gama mashi komai. Lado ya aika mashi cewa Alhaji Nu'uman zai zo ranar Alhamis da la'asar da wasu baƙi, su ga ragon da ake labari, a gwada shi da na maƙwabta.

Ranar kuwa ƙofar gida ta cika. Ga Alhaji da ɗiyarsa, ga Ubaidullahi ya wanke hannu iyakar iyawarsa, ga Larai ta taso daga Kurfi don a wanke ta a gaban mutane, ga Hajiya Gogo a gidan gaba na motar ɗanta, ta ce sai ta ga ƙarshen abin da idonta. Munzali ya rakuɓe can bayan jama'a, takalmi a gefe, kai a ƙasa.

Maƙwabta suka fito da ragunansu, ba laifi. Sannan Malam ya fito da Ɗan Gata. Jama'a, na yi dillancin dabbobi a kasuwannin ƙasar nan, ban cika ganin irinsa ba. Fari sol, ƙaho ya naɗe, gashi na sheƙi, yana tafe yana rangaji kamar mai unguwa.

"Masha Allah," in ji Lado. "Malam, me kake ba shi haka?"

"Dusa da harawa, sai kowa," in ji Malam yana murmushi. "Sauran kuma sirrin kiwo ne."

"Gaskiya ne. Kai, zafin nan. Bari in jiƙa maƙoshi."

Ya zaro gorar Sanyin Dutse sabuwa daga aljihun babbar riga, ya murɗa murfi. Ƙas!

Ragunan maƙwabta ko kunne ba su kaɗa ba. Ɗan Gata kuwa ya ɗaga kai, ya fizge igiya daga hannun Malam, ya ratsa tsakanin Alhaji da Larai, ya ɗora ƙafafun gaba a ƙirjin Lado, ya cafke bakin gorar. Ya ɗaga wuya sama yana zuƙa kamar jariri, rabi na shiga ciki, rabi na bin gemu yana zuba ƙasa. Da ta ƙare ya saki, ya shiga shinshinar aljihu.

Lado ya zaro gora ta biyu, cikin waɗanda aka dawo da su daga Kurfi, ya buɗe ya miƙa mashi. Rago ya shinshina, ya yi atishawa, ya juya baya.

Hajiya Gogo ta leƙo ta tagar mota. "Kun gani? Ni da shi ne kaɗai muka san ruwa a ƙasar nan."

Dariya ta ɓarke, har Alhaji sai da ya dafa mota. Malam Abdullatif ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"To, ai ba wani abu ba ne," ya ce. "Ciwo ya yi kwanaki, ya ƙi ci ya ƙi sha. Na ji ana cewa ruwan nan akwai kanwa da abin ƙarfin ƙashi, ga shi jibge a zaurena. Na ba shi gora ɗaya, ya miƙe. Shi ke nan ya ƙi na rijiya. Kuma ni ban rage wa kowa komai ba, duk gorar da na buɗe na cika ta fal. Ruwan rijiyata ne fa, ubana ya gina ta. Mutum ai ya sha ya ƙoshi, dabba ce ba a iya yi wa bayani."

"Baba," in ji Malama Hafiza cikin ladabi, "kanwar da ke cikin gorar nan, ɗan ƙullin da za ka saya a kasuwa ya fi ta yawa, ka jiƙa mashi a ruwan rijiyar zai sha. Amma masu sayen gora, akwai marasa lafiya, akwai masu jego. Sun yarda ne don a rufe take."

Murmushin Malam ya tafi.

"Kuma saura kwana ɗaya in miƙa yaron nan ga hukuma a kan aikinka," in ji Alhaji.

"Wane yaro?"

"Munzali. Na karɓe motar tun ranar Talata. Gari duk ɓarawo ake ce mashi."

"Ya aiko mani cewa tana wurin gyara!" Malam ya waiga yana neman sa. "Munzali, kai ne ka sha wannan a kaina ka yi shiru?"

Sai dattijon nan, da furfurarsa, ya ratsa jama'a ya je gaban mijin ɗiyarsa ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. "Ka yafe mani don Allah."

Ban taɓa ganin firgita irin wadda na gani a fuskar Munzali ba. Da 'yan sanda ne suka zo da ankwa, da ya tsaya. Ya ja da baya, ya ce "Innalillahi," ya juya ya zura da gudu, ya tsallake kwata, ya ɓace ta bayan injin niƙa. Takalmansa na nan inda ya tuɓe su.

Larai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da aka tada Malam, ya ce a ɗauki ragon a madadin ɓarna. Alhaji ya ce ya riƙe abinsa, amma gobe bayan Juma'a su tafi Kurfi tare, ya faɗa wa masu shaguna da bakinsa. Malam ya ce ko a kasuwa ne zai tsaya ya faɗa. Hajiya Gogo ta ce ita ba ta yafe ba sai an kai mata cinya ranar Sallah, tunda da ruwanta aka yi kitsen.

Alhaji ya zaro makullin kurkura ya ɗaga. "To, wa zan ba?"

Lado ya karɓa, ya ɗauki takalman, ya dubi ƙasa. Sawun mutum ba takalmi, yana gudun ceton rai, ko ni na iya bin sa. Muka same shi can bayan gari a gindin wani marke, bakin gonar gero, yana haki.

Lado ya ajiye mashi takalmi, ya ɗora makulli a kai. "Alhaji ya ce gobe da yamma akwai lodi."

Munzali ya kalli makullin ya daɗe, ya goge ido da hannun riga. "Baba Lado, ya tashi daga durƙuson?"

"Ya tashi."

"Da wane ido zan ƙara kallonsa?"

"Da can ma kallonsa kake?"

Ya yi 'yar dariya, ya sa takalmi, ya damƙe makulli. Mun fara tafiya sai ya tsaya cak.

"To gobe ina zan ajiye motar? In na fasa kaiwa can, zai ce ban yafe ba. In na kai kuma..."

"Ka kai ta can ba kaya, ta kwana a zaurensa yadda ta saba," in ji Lado. "Kwalayen ka sauke a gidana. Ni ba ni da rago, kuma ba ka auri ɗiyata ba. In gora ta ɓace, ka kama wuyan rigata a tsakiyar kasuwa."